Rigar Sani da Ba a Wanke Ba

Lahadi, 27 ga Afrilu, 2025

Ni na jagoranci nazarin Littafi Mai Tsarki yau bayan sujada, don Fasto ya tafi jana'iza. Darasin a kan abin da Shari'ar Musa ta hana ne: duba, maita, kiran iskoki, tuntuɓar matattu. Na shirya shi sosai, har da tarihin Kan'aniyawa, wanda babu wanda ya tambaye ni. Na kawo labarin Sarki Saul, mutumin da ya kori masu duba daga ƙasarsa da bakinsa, amma da tsoro ya kama shi ya ɓad da kama ya tafi neman wadda ta rage. Na ce irin wannan gwamnatin har yau ba ta ƙare ba. An yi dariya. Ina son a yi dariya idan ina koyarwa. Ciwona ke nan, kuma ba na neman magani.

Matata Talatu tana bencin zumuntar mata, ba ta yi dariya ba. Matar da ta shekara fiye da ashirin tana jin barkwancina tana da uzuri. Amma na san ba shi ba ne.

Tun kafin Kirsimeti rabonmu da jin muryar Sani, ɗanmu na biyu. Kiransa na ƙarshe daga Agadas ne, ya ce gobe za su shiga mota su yi arewa, daga nan sai Turai. Shi ke nan. A coci idan an tambaya muna cewa yana wajen aiki. Ni na zaɓi wannan amsar.

Talata, 29 ga Afrilu

Gwaggo Tabawa ta zo daga ƙauye da daddawa da kuka da shawara. Ƙanwar mahaifin Talatu ce, ita kaɗai a danginsu da 'yan mishan da malamai duk suka gaji suka bar ta da addinin kakanninmu.

Ta ce akwai wata mata a Dorayi mai iskoki a ka. Ba a kai mata komai sai rigar da mutum ya sa a jikinsa, wadda ruwa bai taɓa ba. Za ta shinshina, iskokin su hau, su faɗi ko yana raye da inda ya dosa.

Na ce to an huta, kayan Sani duk an wanke.

Talatu ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da shuɗiyar rigar aikinsa, wadda ya sa ranarsa ta ƙarshe a kamfaninmu kafin ya ajiye aikin. A ƙasan akwatinta take, a naɗe cikin zani. Ban taɓa sani ba.

Na ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri, Littafinmu ya hana."

Ta ce, "Littafin ne ya haifi yaron?"

Laraba, 30 ga Afrilu

Talatu ta ce, "Malam, ni ba bauta musu zan yi ba. Tambaya kawai."

Na ce tambayar ai ita aka hana. Na kawo mata Musa, na kawo mata Saul, na nuna mata yadda Saul ya fito daga gidan matar nan da labarin da ya fi na shigarsa muni. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce na gama? Na ce saura annabi Ishaya. Ta ce in ajiye shi, tuwo yana hucewa.

Ranar Asabar suke shirin zuwa.

Juma'a, 2 ga Mayu

Dattijon ikilisiya, Zakariyya, wato ni, foman na ɓangaren buta a kamfanin roba a Challawa, yau ya saci riga a gidansa. Na sa ta cikin jakar abincina lokacin da suke tsakar gida suna tsince shinkafa. Yanzu tana cikin akwatin ƙarfen da nake ajiye kaya a wurin aiki, a kulle.

Na san dokar da ta hana sata ma Musan ne ya kawo ta. Na auna na ga wannan ta fi sauƙi.

Asabar, 3 ga Mayu

Gwaggo ta koma ƙauye, ta tafi da rabin daddawarta. Talatu ba ta tambaye ni komai ba. Abinci ya zo, ruwan wanka ya zo, magana ba ta zo ba.

Talata, 6 ga Mayu

Wuta ta ɗauke tun safe, janareta ya yi ta tari, robar ta daskare a bakin inji sau biyu. Zafi kamar a cikin tukunya. Ni Kirista na tsufa ina buga butar alwala, kuma ban taɓa jin wani ya dawo da tawa ya ce tana yoyo ba. A rubuta mini wannan a kabari.

Da hutun rana na buɗe akwatin don in duba ko ɓera bai taɓa rigar ba. Bai taɓa ba. Akwai warin narkakkiyar roba, da gumi, da man nan mai ƙamshin lemo da yake shafawa a kai, wanda nake cewa ƙudaje yake gayyata.

Jiya ma na duba ɓeran.

Alhamis, 8 ga Mayu

Abdulbaƙi, mutumin Damagaram da ke kan injin da ke kusa da nawa, mai karatu ne a nasu ɓangaren, mukan yi musu. Na ce masa wani abokina ne matarsa ke son zuwa wurin mai duba, ku me kuke cewa?

Ya ce su ma an hana su, hani mai tsanani, har sallar mutum tana shiga haɗari. Sannan ya yi dariya ya ce, "Amma Malam Zakari, je ka ƙofar gidan matar Dorayin nan ka ga layi. Namu da naku kafaɗa da kafaɗa. Duk Kano can ne kaɗai ba a gardamar addini."

Ban ce masa Dorayi ba. Ashe sananniya ce.

Ya ce me ya ɓace wa abokin nawa? Na ce ban tambaya ba. Ya dube ni, ya koma kan injinsa.

Lahadi, 11 ga Mayu

An kama ni.

Bayan mun dawo daga coci ina ɗaki ni kaɗai. Na ɗauki Littafi, na rufe ido, na ce Ubangiji ka nuna mini ko yaron nan yana raye, na buɗe inda ya buɗe, na ɗora yatsa. Na sauka a kan dokar abin da za a yi idan bangon gida ya yi fumfuna. Na ce wannan gwaji ne, ba a fara ba. Na sake rufe ido.

Sai na ji Talatu a bakin ƙofa: "Malam, yanzu da ido a rufe kake karatu?"

Na ce bimbini nake yi.

Ta ce, "Gwaggo tana da iskoki, kai kana da yatsa."

Na rufe Littafin. Mutumin da ya karanta tarihin Kan'aniyawa. Tun farkon shekara nake yin haka, kusan kullum, ban taɓa kiran abin da sunansa ba. Idan ayar ta yi daɗi in ce Ubangiji ya yi magana, idan ba ta yi ba in ce yatsana ya zame.

Na ɗauka za ta yi ta ja. Ba ta ja ba. Ta zauna a gefen gado ta ce, "Ashe kai ma kana son ka sani. Na ɗauka ni kaɗai na haife shi."

Na matsa kusa da ita.

Litinin, 12 ga Mayu

Na karanta Ishayan da aka hana ni karantawa, ido a buɗe wannan karon. Annabin yana mamakin mutanen da ke zuwa tambayar matattu a kan sha'anin masu rai. Na yi shekaru ina koyar da wurin nan, kullum hankalina a kan matattun. Yau sai masu ran suka tsaya mini.

Rabin ma'aikatan ɗakinmu mutanen Nijar ne. Kowa yana da wa ko suruki direba. Agadas a wurinsu ba sunan da ke taswira ba ne, gari ne da ake aika gero. Ni kuma ban gaya wa ko mutum ɗaya ba, don kada a ce ɗan Malam Zakari mai littattafai ya bi hamada kamar na kowa. Matattu na hana a tambaya, masu rai kuma na ƙi tambaya. Sai bangon da ya yi fumfuna.

Mun yi sulhu da Talatu irin na gwamnatoci. Za ta bar maganar Dorayi har bayan Babbar Sallah, lokacin da mutanen Nijar za su je gida su dawo. Idan ba a ji komai ba, ta ce za ta je, da riga ko ba riga. Ban ce na yarda ba. Ba ta nemi yardata ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Na faɗa. A rumfar Hajiya Mubina mai abinci da ke bakin get, da hutun rana, benci cike.

Ban san magana ba tare da wasa tana da nauyi haka ba. Na fara da cewa ina da wani ɗan labari. Na dai faɗa: ɗana Sani, wanda kuka sani a ɓangaren bokiti, ba Legas ya tafi ba kamar yadda na ce muku, Agadas ya tafi, kuma tun Disamba shiru.

Cokula suka tsaya. Hajiya Mubina ta ajiye ludayi ta ce, "Haba Malam Zakari. Watanni kana cin shinkafata da wannan a cikinka? Shi ya sa ba ka ƙiba."

Abdulbaƙi ya ce, "Ashe abokin nan naka mun san shi."

Daga nan kowa ya kama magana lokaci guda. Wannan yana da ɗan'uwa a Arlit, wancan ƙanin matarsa yana lodi a tashar Agadas. Na fito da hoton Sani, suka ɗauka da wayoyinsu. Abdulbaƙi ya ce in yi saƙon murya, shi ake turawa daga waya zuwa waya, direbobi ba sa karatu a kan hanya. Na yi na farko, na fara da gabatarwa. Ya goge. "Malam, direbobi ne za su ji, ba 'yan jarrabawa ba." Na biyu ma ya ce ya yi kama da wa'azi. Na uku ya bari, amma ba da jin daɗi ba.

Babu wanda ya ce kamar na kowa. Ni kaɗai na taɓa faɗin haka.

Asabar, 17 ga Mayu

An ga wani saurayi mai wushirya a Arlit, yana jin Hausar Kano. Talatu ta dafa taliya da kifi. Zuwa yamma aka turo hotonsa: Bakatsine ne, kuma ya kusa sa'ana. Mun ci taliyar dai.

Talata, 20 ga Mayu

Wani direba ya aiko wa Abdulbaƙi cewa wajen ƙarshen shekara wata mota ta lalace a hamada, an rasa mutane. Ba a san sunaye ba. Irin wannan labarin kullum akwai shi, in ji Abdulbaƙi, kuma kowace shekara ana cewa ƙarshen shekara ne. Yana faɗa yana kallon ƙasa.

Na yi niyyar ɓoye wa Talatu. Ina shiga gida ta karanta a fuskata. Ta ce, "Kawo mini rigar." Ba da faɗa ba.

Na ce ko matar ta ce ya mutu za ki yarda? Ko ta ce yana raye, gobe ba za ki so ki koma ki sake ji ba?

Ta ce ta sani. Ta ce ba don Dorayi ba. Ban san ko gaskiya ne ba. Ita ma ina jin ba ta sani ba.

Mun yi addu'a. Ni mai yawan kalmomi, sunan yaron kawai na iya faɗa.

Laraba, 21 ga Mayu

Na ɗauko rigar har bakin get. Na mayar.

Asabar, 24 ga Mayu

Ruwan farko mai kirki. Unguwarmu Panshekara ta koma taɓo, kwatar masana'antun fata ta tashi da warinta na gado.

Talatu ba ta gida da na dawo. Ashe Hajiya Mubina ta aiko a kira ta, sun tafi tashar da motocin Nijar ke lodi, su biyu, ɗaya da hijabi ɗaya da ɗankwalin zumunta. Sun bi direbobi da masu shayi da matan da ke kai kaya. A can ta yi nata saƙon muryar. Ta kunna mini:

"Sani, Mamarka ce. Ko ba ka da komai, ka kira."

Shi ke nan duka. Babu gabatarwa. An ce har wani ɗan kamasho ya share ido da hularsa.

Ta dawo ƙafafu duk laka, ta ci abinci da yawa, ta ba ni labarin wani direba mai mata a kowace iyaka. Rabon da ta ba ni labari tun bara.

Alhamis, 29 ga Mayu

Saƙonta ya kai har Tawa da Diffa. Nawa, in ji Abdulbaƙi, yana nan lafiya a wayarsa.

Litinin, 2 ga Yuni

Mutanen Nijar sun fara tafiya Sallah. Ɗakin injuna ya yi fili. Abdulbaƙi ya tafi Damagaram yau; surukinsa yana jan tirela zuwa Agadas. Da za mu rabu ya ce, "Ka yi addu'a irin taku, in yi irin tamu, amma ban da yatsa." Talatu ta gaya wa Hajiya Mubina, Hajiya Mubina ta gaya wa duniya.

Juma'a, 6 ga Yuni

Sallah. Kamfani a rufe. Maƙwabta suna ta shirin yanka, gobe gidanmu zai cika da nama kamar kowace shekara. Gwaggo Tabawa ta sa an kira mata Talatu a waya, ta ce iskoki ba sa son a sa musu rana. Talatu ta ce su yi haƙuri, kowa ma jira yake.

Na lura ranar zuwa Dorayi tana matsowa. Ita ma ta lura.

Laraba, 11 ga Yuni

Yana raye.

Bari in rubuta a hankali. Saƙon Abdulbaƙi ya shigo ina tsakiyar aiki, na fita bayan ɗakin janareta na saurara, ban ji ba, na koma wajen famfo na sake kunnawa.

Wani direba a Agadas ya kai jarkokin ruwansa a liƙe masa kafin ya shiga hamada. Mai liƙin wani yaro ne da suke kira Ɗan Kano, yana narka roba da ƙarfe mai zafi yana toshe ɓula, an ce nasa liƙin ba ya buɗewa. Direban yana zaune yana jira yana sauraren saƙonni a waya, sai muryar Talatu ta fito. Yaron ya saki ƙarfen a kan ƙafarsa. Direban ya dube shi, ya dubi hoton. Labari ya bi baki har wurin surukin Abdulbaƙi, shi kuma ya je da kansa ya gan shi.

Bai taɓa shiga motar arewa ba. Wanda ya yi musu alkawarin hanya ya gudu da komai, har da wayarsa. Ya zauna a garin yana liƙin jarka.

Surukin ya tambaye shi don me bai ari waya ya kira gida ba. Ya ce, "Babana zai ce wanda ya tafi Turai ya ƙare a liƙin jarka."

Abin da ba zan gaya wa kowa ba: kafin Abdulbaƙi ya kai wannan wurin a saƙonsa, jimlar ta riga ta zo mini a kai. Kusan kalma da kalma. Har na ji daɗin tsarinta.

Na nemi izini na tafi gida. Talatu ta durƙusa a tsakar gida, hannunta da kumfar wanke-wanke, tana ta godiya. Ni na tsaya riƙe da bokiti, ban san wanda ya ba ni ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Sani ya yi magana da uwarsa a wayar surukin. Ƙafar ta yi sauƙi. Ya rame, in ji shi, amma yana cin abinci. Ya tambayi yayarsa, ya tambayi akuyar da muka sayar. Ya ce, "Baba yana nan?" Ta ce ga shi. Ya ce mai wayar yana sauri.

Mai wayar ba ya sauri. Na ji shi yana shan shayi.

Asabar, 14 ga Yuni

Na dawo da rigar. Na ajiye a kan akwatin Talatu.

An gaya wa Gwaggo. Ta ce da mun bar ta, da tuni iskoki sun faɗa mana yana arewa. Na ce, "Gwaggo, Agadas dai arewa take, kun ci." Ta ce in daina yi mata dariya. Sannan ta ce a gaya wa yaron ta ajiye masa zabuwa.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na tashi a gaban ikilisiya na ce Sani ba ya inda muke cewa, yana Agadas, yana raye, a taya mu godiya. Ba wanda ya faɗi don mamaki. Ina zargin zumuntar mata ta riga ni.

Bayan an tashi Saratu, gwauruwar da ke zama a bencin baya, ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta yi ta murɗa bakin zaninta, ta ce wai idan mutum ya je wurin mai duba sau ɗaya kawai, don tambaya kawai...

Ayoyin suna bakina a jere, Musa a gaba. Har yanzu ina nan a kansu, ko ɗaya ban janye ba. Amma abin da ya fito shi ne, "Wa ya ɓace miki?"

Ƙaninta ne. Wajen haƙar zinariya. Na ce ta kawo hotonsa ranar Talata, rumfar Hajiya Mubina, da hutun rana. Na ce kuma ta zo da Talatu, ita ta iya saƙo.

Laraba, 18 ga Yuni

Na aika wa Sani saƙon murya ta wayar surukin. Na ce: Sani, Babanka ne. Wanda zai shiga hamada, ransa a cikin jarka yake, kai kuma kai ke riƙe jarkar. Ka riƙa juya wa hayaƙin robar baya, kada ka shaƙa. Ka kira idan ka samu dama.

Talatu ta sa na kunna mata sau biyu. Ta ce, "Ba ka sa wasa ko ɗaya ba." Na ce cajin wayar ne ya kusa ƙarewa.

Ya amsa da la'asar. Ya tambayi wace irin roba ce ta fi kama jarkar da rana ta ci, don tasa tana tsagewa a gefe. Na yi masa bayani. Wataƙila ya yi tsawo. Ya ce, "To Baba, na gode," kuma ya ce wajen kaka, idan ya ɗan tara, zai zo.

Da na shigo gida rigar tana kan igiya tana ɗiga. Na matsa kamar zan gyara mata zama. Sabulu kawai.

Na ce warin ya fita.

Talatu ta ce mai shi zai zo ya mayar.